Tarihin Buji Da Yadda Ake Zaɓensa

Mai karatu, in ka tsaya wurin mai gyaran babur a kasuwar Waca, ko Magarya, ko Dungas, za ka ga wani ɗan ƙarfe mai farin wuya. Tsawonsa bai wuce yatsa ba. Shi ne buji. Maƙwabtanmu na Nijeriya suna ce masa fulogi. Babur yana da shi. Injin ban ruwa yana da shi. Motar da ke shan fetur ma tana da shi. In ya lalace, inji ba ya tashi, ko da tanki cike yake da mai.

Mutane da yawa suna tsammanin buji duk ɗaya ne. Ba haka ba ne. Kowane inji da irin nasa. Bari mu bi tarihinsa, ka ga dalili.

Aikin Buji

A cikin inji akwai wani ɗan ɗaki inda fetur da iska suke haɗuwa. Wani ƙarfe mai suna fistan yana matse su. Sai buji ya ƙyasta tartsatsi, kamar yadda ake ƙyasta ashana. Wuta ta tashi, ta tura fistan da ƙarfi, inji ya juya. A injin ban ruwa da ke gudu sosai, wutar nan tana tashi wajen sau 1800 a minti ɗaya. Ka ga bakin buji cikin wuta yake wuni.

Injin gazuwal ba ya aiki da irin wannan buji. Shi matsi kaɗai ke kunna masa mai. Maganarmu ta injin fetur ce.

Waɗanda Suka Fara

A shekarar 1860, a birnin Paris na Faransa, wani mutum mai suna Étienne Lenoir ya ƙera injin da ke aiki da iskar gas. Da tartsatsin lantarki yake kunna shi. Wannan ne kakan bujin yau. Amma tartsatsin ba shi da tabbas, inji yakan mutu a kai a kai.

A 1902 aka samu magani a birnin Stuttgart na Jamus. A masana'antar Robert Bosch, wani injiniya mai suna Gottlob Honold ya haɗa na'urar da ke ba buji lantarki mai ƙarfi. Daga nan inji ya iya gudu da sauri ba tare da wuta ta yanke ba.

Sai wani Bafaranshe, Albert Champion, gwanin tseren keke. Ya koma Amurka, ya shiga sana'ar buji a birnin Boston a 1905. Sunansa ne kake gani a jikin buji mai tambarin Champion. A 1936 kuma aka kafa kamfanin NGK a birnin Nagoya na Japan. Haruffan nan uku kowane mai gyaran babur ya san su.

Yadda Ya Iso Ƙasarmu

Ran 28 ga Oktoba 1924, motoci 8 na kamfanin Citroën suka tashi daga Colomb-Béchar ta Aljeriya. Suka ƙetare hamada, suka bi ta Yamai, suka iso Damagaram kafin shekara ta ƙare. A lokacin Damagaram ce babban birnin ƙasa, sai a 1926 aka mai da mulki Yamai. Kowace mota a cikinsu buji huɗu gare ta. A zamanin, mota abin kallo ce.

Cinikin gyaɗa ne ya sa motoci suka yawaita a ƙasar Magarya. Daga baya Peugeot 404 da 504 suka cika hanyoyin kasuwa, musamman bayan da aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta ƙarfafa noman rani. Sannu a hankali injin ban ruwa ya soma karɓar aikin guga a fadamun Korama. Babura kuma suka shiga kowane ƙauye. Da haka buji ya zama kayan aikin manomi, kamar hauya da lauje.

Zuwan Turbo

Yanzu mu koma Turai da Amurka, domin can ne aka ƙure buji da zafi. A 1905 wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya fito da wata dabara. Hayaƙin da inji ke fitarwa yana da ƙarfi. Sai ya sa hayaƙin ya juya wata farfela, ita kuma ta cusa ƙarin iska cikin inji. Wannan na'ura ita ce turbo. Aikinta kamar zugazugin maƙeri ne: ƙarin iska, ƙarin wuta, ƙarin ƙarfi.

A 1962 aka fara sayar da ƙananan motoci masu turbo a Amurka. A 1977 kamfanin Renault na Faransa ya shigar da turbo babban tseren motoci na duniya. Da farko motar tana yawan lalacewa tana hayaƙi, ana yi mata dariya. Amma a 1979 Jean-Pierre Jabouille ya ci tsere da ita a garin Dijon. Sai sauran kamfanoni suka bi sahu.

To, wutar injin turbo ta fi ta sauran injuna zafi. In aka sa masa bujin da ba ya saurin zubar da zafi, bakinsa yakan yi ja kamar garwashi. Sai ya kunna mai kafin lokaci. Wannan yana iya huda fistan, inji ya tashi aiki. Matsin iska kuma yana hana tartsatsi tsallakawa, shi ya sa ake rage faɗin bakin bujin turbo. Masu tseren mota ba sa wasa da zaɓen buji, gama kuskure ɗaya yana cin inji guda.

Buji Mai Zafi Da Mai Sanyi

Ga abin da masu ƙera inji suka gano. Bakin buji yana son zafi tsaka-tsaki. Ka san ruwa yana tafasa a digiri 100. In zafin bakin buji bai kai wajen digiri 450 ba, baƙin hayaƙi ya taru a kansa, tartsatsi ya mutu. In ya wuce wajen digiri 850, ya soma ƙone inji.

Saboda haka aka yi buji iri iri. Mai riƙe zafi ana ce masa mai zafi, ya dace da inji mai aiki a hankali. Mai saurin zubar da zafi ana ce masa mai sanyi, shi ake sa wa inji mai gudu da mai turbo. Lambar da ke jikin farin wuyan ita ke nuna wannan. A wurin NGK, in lamba ta ƙaru, buji ya fi sanyi: 7 ya fi 6 sanyi. A wurin Bosch da Champion, akasin haka ne. Kada ka gwada lambar wannan kamfani da ta wancan.

Wani canji ya zo ta wajen mai. Tun 1923 aka soma zuba darma a fetur a Amurka, abin ya bazu a duniya. Darma tana cutar da mutane, tana kuma ɓata buji. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina a farkon 2006, Aljeriya ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Wajen ƙarshen shekarun 1990 kuma aka fito da buji mai siririn baki na wani ƙarfe mai suna iridiyom, wanda ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 2400. Yana daɗewa, amma yana da tsada.

Abin Da Ya Shafe Ka

Wataƙila ba ka da mota mai turbo. Amma ƙa'idar ɗaya ce. In injin ban ruwa ya tsaya a tsakiyar bazara, kwana kaɗan ya isa albasa da tumatir su yi yaushi. Wahalar wata uku ta tafi a banza. Don haka ka riƙe waɗannan.

In za ka sayi buji, tafi da tsohon, ko ka rubuta dukan haruffa da lambar da ke jikinsa. Misali, injin Honda GX160 yana aiki da NGK BPR6ES, faɗin bakinsa milimita 0,7 zuwa 0,8. Wani injin kuma wata lamba yake so.

Ka gwada tsawon wurin ɗaurawa. In sabon ya fi tsohon tsawo, fistan yana iya dukansa.

Kada ka ce bujin motar tsere ya fi kyau don ya fi tsada. A ƙaramin inji, mai sanyi da yawa baƙi kawai zai yi.

Ka riƙa kwance buji kana duba bakinsa, bayan inji ya huce. In launin ƙasa-ƙasa ne, lafiya lau. In baƙi ne busasshe, mai ya yi yawa, ko ƙura ta toshe matacin iska, abin da ke yawan faruwa da hunturu. In baƙi ne mai maiƙo, man inji na shiga inda bai kamata ba. In fari ne fat, zafi ya yi yawa, ka kai wa mai gyara tun kafin ɓarna ta auku.

Akwai jabu a kasuwa. Ka saya wurin wanda ka yarda da shi, ka kuma ajiye ɗaya a gida tun kafin ban ruwa ya kankama. Allah ya ba mu amfani mai albarka.