Zaburar Tuba da Wa'azin Gafara, daga Zariya zuwa Sokode da Dapaong

Littafin Zabura da ke hannun Yahudawa da Kiristoci tarin waƙoƙi ne 150 da aka rubuta da Ibrananci, kuma kusan rabinsu suna ɗauke da sunan Dawuda. Tun da daɗewa ikilisiya ta ware bakwai daga ciki ta kira su zaburar tuba: ta 6, 32, 38, 51, 102, 130 da ta 143. Murya ɗaya ce ke magana a cikinsu, muryar mutumin da hujja ta ƙare masa, yana faɗin laifinsa da bakinsa yana roƙon Ubangiji ya yafe masa. Ta 32 tana bayyana yadda ɓoye laifi ke cin jikin mai shi har sai ya furta kafin ya sami sauƙi. Ta 130 kukan wanda ya kai maƙura ne, wanda ya san in za a bi lissafi babu mai tsira. Amma ta 51 ita ce uwarsu, kuma a kanta aka gina mafi yawan wa'azin tuba na Kirista.

Kan waƙar ya ɗaure ta da labarin da ke cikin littafin Sama'ila na biyu, babi na 11 da na 12. A can an ce sarki Dawuda ya ɗauki Batsheba, matar sojansa Uriya Bahitte, sannan ya sa aka tura mijin bakin daga aka kashe shi. Annabi Natan ya zo masa da ƙarar wani attajiri mai garkuna da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta wani matalauci ya yanka wa baƙonsa. Sarki ya fusata ya yanke hukunci, sai Natan ya nuna masa kansa ya yanke wa. Waƙar ita ce amsar sarkin. Ba ya kawo uzuri, ba ya ambaton hidimar da ya yi a baya. Wanki yake nema da sabuwar zuciya, kuma ya yarda cewa karyayyar zuciya ta fi dabbar hadaya daraja a wurin Allah.

Waƙar Ibrananci ba ta dogara da amsa-amo irin na waƙar Hausa ba. Ginshiƙinta shi ne layi na biyu ya maimaita ma'anar na farko da wasu kalmomi, ko ya ƙara mata, ko ya saɓa mata. Wannan ya sa Zabura ba ta rasa siffarta sosai in an juya ta zuwa wani harshe, ya kuma sa ta dace da karatun jama'a, mai jagora ya ɗauki layi ɗaya taro ya amsa da na biyu.

A ƙarnonin farko na Kiristanci, tuba daga babban zunubi abu ne na bainar jama'a. Wanda ya yi kisa, ko zina, ko ya bar addini saboda tsoron azaba, yakan sa tsumma ya zuba toka, a hana shi cin Jibin Ubangiji har tsawon shekaru, kuma sau ɗaya ake ba shi wannan dama a rayuwarsa. Daga nan Larabar Toka da azumin kwana 40 kafin Ista suka samo siffarsu. An ruwaito cewa Agustin, bishop ɗin Hippo da ke Aljeriya ta yau, ya sa an rubuta masa zaburar tuba a jikin bango yana karantawa a ciwon ajalinsa a shekarar 430. Daga baya masu zuhudun ƙasar Ailan suka yaɗa al'adar furta zunubi a asirce ga malami ɗaya, a maimaita duk lokacin da ake buƙata. Babban taron Lateran na huɗu da aka yi a Roma a 1215 ya wajabta wa kowane baligi ya furta zunubansa ga fada, wato limamin cocinsa, aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma haramta wa fada tona abin da ya ji. Martin Luther, wanda littafinsa na farko da aka buga a 1517 sharhin zaburar tuba bakwai ne da Jamusanci, ya yi jayayya da sayar da takardun sassauta hukunci, ya ce gafara kyauta ce da ake karɓa ta bangaskiya. Tun daga lokacin hanya ta rabu biyu, kuma duka biyun sun iso Afirka ta Yamma: ta Katolika mai bi ta kunnen fada, da ta Furotesta mai bi ta wa'azi da furcin jama'a gaba ɗaya.

Hausa ta shiga wannan tarihi ta hannun James Frederick Schön, Bajamushe mai aiki da ƙungiyar mishan ta CMS, wanda ya bi ayarin Kogin Kwara na 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Schön bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. A Ingila ya zauna yana aiki da Dorugu, yaron da matafiyi Heinrich Barth ya tafi da shi Turai, ya buga Linjilar Matiyu da Hausa a 1857. Aikin da ya zauna da gindinsa sai a hannun Dokta Walter Miller, wanda yana cikin ayarin Bishop Tugwell da Sarkin Kano Alu ya sallama a 1900, ya kuma zauna a birnin Zariya daga 1905. Da shi da Hausawan da suka taimaka masa da wakilan sauran mishan aka kammala cikakken Littafi Mai Tsarki da aka buga a 1932. Sabuwar fassara ta biyo baya a 1979.

Sai dai masu wa'azin ba su tarar da fili ba kowa ba. Hausawa sun daɗe da istigfari, kuma waƙoƙin wa'azi na zamanin Shehu Usman Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u cike suke da kiran tuba kafin mutuwa ta riski mutum. Almajiri ma ya san sharuɗɗan: nadama, daina saɓon, ƙudurin rashin komawa, da mayar da haƙƙin wanda aka zalunta. Annabi Dawuda kuwa sananne ne, kuma Suratu Sad ta kawo labarin masu jayayya biyu da suka haura masa, ɗaya mai tumaki 99 ɗaya mai tunkiya ɗaya, har ya nemi gafarar Ubangijinsa ya faɗi ya tuba. Don haka ba a taɓa yin gardama kan ko Allah yana gafartawa ba. Inda aka rabu wuri uku ne. Malaman Musulunci sun tsaya kan cewa Allah ya kare annabawa daga manyan zunubai, don haka suka ƙi labarin Batsheba, wanda shi ne gishirin wa'azin Zabura ta 51 a wurin fasto, domin da shi yake nuna cewa ko sarki zaɓaɓɓe bai kuɓuta ba. Sun kuma ƙi koyarwar cewa an haifi mutum da zunubin gado wanda sai fansar Almasihu ke ɗauke shi. Na uku shi ne furcin kansa, kuma shi ya fi taɓa rayuwar yau da kullum. Tarbiyyar Musulunci tana son wanda Allah ya rufa wa asiri kada ya tona kansa, Bahaushe kuma ya ɗauki kunya da rufin asiri da nauyi. Mutum ya miƙe cikin taro ya ce ya yi sata ko ya nemi matar wani, wannan a idon maƙwabtansa ƙarin laifi ne a kan laifi.

Shi ya sa wa'azin ya fi samun kunne a gefen masarautu. Bayan alkawarin da Lugard ya yi a Sakkwato a 1903 na rashin taɓa addini, gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita mishan a ƙasashen sarakuna, sai ƙungiyoyin mishan na SIM da SUM suka maida ƙarfinsu kan Filato da kudancin Zariya da kwarin Binuwai, suka mai da Hausa harshen coci ga al'ummomin da ba nasu ba ne. A waɗannan majami'u tuba ta zama abin da ake gani da ido: barin burukutu, ƙona layu, mayar da kayan da aka ci, da zaman horo a benci na baya ga wanda ya faɗi, har dattawa su gamsu su mayar da shi teburin Jibi. Batun sakin mata ga mai fiye da ɗaya shi ne ya fi kowanne ciwo, a nan da kuma wajen Maraɗi inda SIM ta kafa tasha a Tsibiri.

Arewacin Togo ya bi irin wannan tarihi, sai dai da nasa launi. Hanyar fataken goro daga Kano zuwa Salaga ta ratsa ƙasar Kotokoli, waɗanda ke kiran kansu Tem, ta bi ta Didaure, unguwar 'yan kasuwa Musulmi da ta zama tsakiyar Sokode. A Kparatao, 'yan kilomitoci daga nan, Uro Jobo Bukari yake zaune, babban sarkin masarautar Kotokoli ta Tchaoudjo wanda ya musulunta ya kuma tara mahaya dawakai. Shi ya ƙulla yarjejeniya da Bajamushe Ludwig Wolf a 1889, kuma da dawakansa Jamusawa suka yi amfani wajen murƙushe maƙwabta bayan sun kafa barikin Sokode a ƙarshen shekarun 1890. Gwamnatin da ta dogara da sarki Musulmi haka ba za ta so a tayar masa da hankali ba, sai ta rufe lardunan arewa ga mishan. Abin lura, ɗan mishan ɗin da ya fi sanin Hausa a Togo ta Jamus, Adam Mischlich na mishan ɗin Basel, barin wa'azi ya yi ya zama jami'in gwamnati a Kete-Krachi, inda ya zauna yana ɗaukar ilimi a wurin Imam Umaru, malamin da aka haifa a Kano, har ya fitar da ƙamus na Hausa a 1906.

Sai a 1913 limaman Katolika na ƙungiyar Steyl suka sami izinin buɗe tasha a Aledjo, arewa da Sokode. Shekara guda bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, Togo ta faɗa hannun Faransa da Ingila a watan Agusta na 1914, daga baya aka kori 'yan mishan Jamusawa, limaman ƙungiyar SMA ta birnin Liyon suka gaje su. An ba Sokode matsayin yankin mishan mai cin gashin kansa a 1937, ta zama dayosis a 1955. Dapaong, can kusa da iyakar Burkina Faso, an ware ta a 1960 aka danƙa wa limaman Faransiskan, ta zama dayosis a 1965. A wannan yankin na arewa kuma cocin Assemblies of God ya shigo daga ƙasar Mosi da irin wa'azinsa na kira a fito gaba a tuba a idon jama'a.

Waɗanda suka amsa kiran a tsakiyar Togo galibinsu Kabiye ne da Nawdeba da Faransawa suka kwaso daga duwatsun arewa suka zaunar a gonakin yankin, da ma'aikata 'yan kudu. A Dapaong kuma Moba da Gurma. Kotokolin Kparatao da Hausawan zango sun tsaya kan Musulunci, saboda haka Hausa ba ta zama harshen coci a Togo ba kamar yadda ta zama a Jos ko Kafanchan. Har yau Sokode gari ne da Musulmi suka fi yawa, kuma a babban cocinta na Santa Tereza, kamar a na Dapaong, Zabura ta 51 ce ake rerawa kowace Larabar Toka, da Faransanci da harsunan ƙasar.