Yadda Na'ura Ta Koyi Gani

A 1957 Russell Kirsch, wani injiniya a Amurka, ya shigar da hoton jaririnsa cikin kwamfuta, ɗigo 176 a tsaye, 176 a kwance. Daga nan nake fara wa sabon shiga bayani: a wurin na'ura kowane ɗigo lamba ce, gani kuwa lissafi ne. A 1966 masanan MIT sun zaci hutun bazara ɗaya zai isa su koya mata gane abubuwa. Sai a 2012 AlexNet ya buɗe hanya, bayan ya koya daga hotuna fiye da miliyan. A 2018 binciken Joy Buolamwini ya nuna manhajojin tantance fuska sun fi tafka kuskure a kan baƙaƙen mata. Na'ura abin da aka nuna mata take ganewa, kuma fuskoki irin namu sun yi ƙaranci a darasinta.