Abin da ba a rubuta ba, kamar bai mutu ba

Mu ƴan Ƙonni da Malbaza da Illela ba mu da teku, harshenmu ma bai raɗa wa manyan dabbobinta suna ba. A lakkwal munka ji balen da dofan, sunayen Faransanci. Ba kifaye ba ne, numfashi suke da huhu, suna shayar da ƴaƴansu. In ruwa ya watso su gaɓa, nauyin jikinsu da zafin rana su ka kashe su.

A Ingila, dokar 1324 ta ce duk balen da ta faɗo gaɓa ta sarki ce. Dukiya ce ke nan, ba majinyaciya ba. Sai a 1913 gidan tarihin halittu na Landan ya fara rubuta kowace gawa: wuri, rana, iri, tsawo. Masu gadin gaɓa ke aiko labari. Wannan rajista tana nan har yau, da ita ake gane ko cuta ce ta yi kisa, ko ragar masunta.

A nan yammacin Afirka ma an yi. A watan Mayu na 2008, garken balen ya maƙale a gaɓar Yoff ta Dakar, masunta da ƴan unguwa sunka ja da dama cikinsu sunka mai da su ruwa.

To, mu fa? Muna da ayu, wanda sunansa ke bakin kowane Bahaushe ko bai taɓa ganin shi ba. Yana cikin kogin Kwara, kuma dokar farauta ta Nijar ta 1998 ta hana kashe shi. In ruwa ya janye da rani yakan maƙale cikin gurbi. A 2009, a yankin Matam na Sanigal, haka anka ɗauko wasu anka mai da su kogi.

Ni abin da na tsinta cikin tarihin ga shi ne, ceto daga rubutu yake farawa, rubutu kuma daga suna. Tabkunan Maggiya suna ƙafewa duk shekara. Wa ke rubuta ranar da ruwa ya ƙare, da irin kifi da tsuntsun da anka daina gani? Tsoffin masunta sun san sunayen, mu muna da biro. Mu je mu tambaye su tun suna raye.