Sirri A Aikin Jarida: Rabe-rabensa Da Misalansa A Kamaru

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Sirri kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci, tana nufin abin da aka ɓoye wa jama'a, aka sanar da wasu kaɗan. Mu a unguwar Briqueterie ta Yawunde, labari yana iske mu ta rediyo da waya, sannan a tattauna shi a ƙofar masallaci da shagunan teloli da wajen masu tsire. Sau da yawa yakan zo da lafazin "wata majiya ta ce" ko "takardar sirri ta fallasa". Domin mu san yadda za mu karɓe shi, mun kasa sirrin aikin jarida kashi uku.

Na farko: sirrin majiya

Majiya ita ce mutumin da ya ba ɗan jarida labari. Idan ya nemi a sakaya sunansa don tsoron kora daga aiki ko cutarwa, sunan ya zama amana. Dokar Kamaru mai lamba 90/052 ta 19 ga Disamba 1990 ta amince da kare majiya, ta ce ba a cire wannan kariya sai a gaban alƙali, a zaman da babu 'yan kallo.

Sai dai wannan amana takan yi karo da buƙatar jami'an tsaro. Misali mafi kusa da mu shi ne na Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI. An kama shi a Marwa ranar 30 ga Yuli 2015, aka kawo shi Yawunde, ya yi watanni ba a bar lauya ya gan shi ba. A watan Afrilu 2017 kotun soja ta yanke masa ɗaurin shekara 10 a ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta Disamba 2014. Cikin tuhumar har da rashin kai wa hukuma rahoton abin da aka ce ya sani game da Boko Haram, shi kuwa ya musanta. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin zuwa wata 24, aka sake shi a Disamba 2017. Tambayar da shari'ar ta bari ita ce: idan aka mai da ɗan jarida mai kai wa hukuma rahoto, wa zai sake gaya masa gaskiya?

Na biyu: sirrin mutum

Wannan ya shafi cikin gida, rashin lafiya, aure da zunubin da bai wuce mai shi ba. Asali a nan shi ne rufin asiri. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana bibiyar aibin mutane da giba. Imam Nawawi ya ambaci wurare shida da aka halatta faɗin aibin mutum, daga ciki akwai ƙarar wanda aka zalunta da gargaɗin jama'a daga sharri. Yaɗa hoton wani ko muryarsa a WhatsApp don nishaɗi ba ya cikinsu.

Na uku: abin da masu iko ke ɓoyewa

Wani ɓoyon na maslaha ne, kamar shirin sojoji a fagen daga. Wani kuma danne haƙƙi ne. Ɗan jarida Samuel Wazizi ya rasu a tsare a Agusta 2019, ba a sanar ba sai a Yuni 2020. Wata goma iyalinsa suna nemansa. Martinez Zogo, shugaban gidan rediyon Amplitude FM a nan Yawunde, ya sha magana kan zargin wawure dukiyar gwamnati. An sace shi ranar 17 ga Janairu 2023, aka tsinci gawarsa bayan kwana biyar. A Oktoba 2024 kuma ministan harkokin cikin gida, Paul Atanga Nji, ya hana kafafen yaɗa labarai muhawara kan lafiyar shugaban ƙasa. Duk inda aka toshe ƙofar bayani, jita-jita ce ke cika kasuwa.

Abin da ya rataya a kanmu

Sakaya sunan majiya ba ya tabbatar da labari, ba ya kuma ƙaryata shi. Maƙaryaci ma yana iya fakewa da "majiya mai tushe". Aya ta 6 ta Hujurat ta umarce mu da tantancewa, aya ta 83 ta Suratun Nisa'i kuma ta zargi masu gaggawar yaɗa labarin aminci ko na tsoro kafin a mai da shi ga masana. Don haka kafin mu tura labari gaba, mu tambayi kanmu: wace kafa ce ta ɗauki alhakinsa? An ji ta bakin wanda ake zargi? Haƙƙin jama'a ne aka tono, ko mutuncin wani aka keta?

Ɗalibanmu masu sha'awar aikin jarida su riƙe wannan: a rufa asirin mai rauni, a kiyaye amanar majiya, kada a taya azzalumi ɓoye zaluncinsa. Allah ne Mafi sani.