Gidan Bature da Ƙofar Baya

'Yan'uwa, a wannan Jubili bari mu tuna da zaman dā. A ƙasar Hausa, dokar Gwamna Lugga ta 1917 ta bar fili yadi 440 tsakanin barikin Turawan Ingila da gari, wai don gudun zazzaɓi. Uwargida tana shan kwinin kullum, 'ya'yanta kuwa suna makaranta can Ingila. Haka Faransawa suka tsara Abijan, wadda ta zama babban birni a 1934: su a Filato, mu a Adjame da Treichville. Kuku da boyi su ne ƙashin bayan gidan, duk da haka ta ƙofar baya suke shiga. Amma a teburin Ubangiji babu ƙofar baya. Mu kula fa, kada mu gina ta cikin ikilisiyarmu.