Shekarun Daura nawa? Abin da baki ya faɗa da abin da ƙasa ta ɓoye

Idan ka tambayi Bahaushe wane gari ne tushen Hausa, da wuya ya yi dogon tunani kafin ya ce maka Daura. Ka kuma san labarin tun kana firamare: Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Borno, ya iso Daura da dare, ya nemi ruwa a gidan wata tsohuwa Ayana, ta ce masa ai ba a samun ruwa sai ranar Juma'a saboda macijiyar da ke rijiyar Kusugu. Ya kashe ta, ya auri sarauniya Daurama, suka haifi Bawo, 'ya'yan Bawo shida da Biram suka zama Hausa Bakwai. To amma yaushe aka yi wannan? A nan ne labarin baka yake yin shiru, masu binciken kufai kuma su ɗauko cebur da buroshi.

Kafin mu kai ga tono, sake sauraron labarin da kunnen mai bincike. Da baƙon ya iso, gari ya tarar, da rijiya, da sarauniya a kan gado. Jerin sarautar Daura ma ya lissafo mata da suka yi mulki kafin Daurama, tun daga Kufuru, kuma an ce a Tsohon Birni suka zauna, arewa da Daura ta yanzu, kafin a dawo da fada inda take. Makamin da ya sare kan macijiyar kuwa, maƙeran Gaya ne suka ƙera masa a hanya. Ka ga ke nan labarin da kansa ya yarda cewa akwai sarauta da ƙira a ƙasar nan kafin zuwan baƙon. Wannan ne abin da malaman tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman, suka dage a kai tun shekarun 1970: birane sun tsiro ne daga ƙauyuka da garuruwan da ke nan, inda ake da ruwa da tama da ƙasar noma da kasuwa, ba wai mutum ɗaya ne ya zo da su a bayan doki ba.

Shekarar da aka fi jingina wa wannan zamani daga Kano ta fito. Kundin tarihin Kano ya ce Bagauda ɗan Bawo ne sarkin farko, shi kuma Baturen mulkin mallaka H. R. Palmer, wanda ya buga fassarar kundin a 1908, ya tara shekarun mulkin sarakuna yana komawa baya har ya tsaya a 999. Lissafi ne mai kyau, sai dai ka san halin irin wannan: idan an manta da sarki ɗaya, ko an ƙara wa wani shekara talatin don girmamawa, duk ginin ya karkace. Da aka gwada gawayin wani wurin narka tama a dutsen Dala kuwa, sai ya nuna ƙarni na 7. Wato ana fitar da ƙarfe a Kano kimanin shekara 300 kafin ranar da aka ba Bagauda.

Yaya gawayi ke faɗin shekarunsa? Duk abu mai rai, itace ko dabba ko mutum, yana ɗaukar wani nau'in sinadarin kabon da ake kira kabon-14 muddin yana raye. Da ya mutu sai shigar ta tsaya, wanda ke jikinsa kuma ya riƙa raguwa a hankali, rabinsa na ƙarewa duk bayan shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya rage a ɗakin gwaje-gwaje, sai a ƙiyasta lokacin da aka sare itacen. Willard Libby na Amurka ne ya fito da dabarar, ta kuma ba shi kyautar Nobel a 1960. Ba ta cewa ranar kaza ga watan kaza, tazara take bayarwa ta shekaru gommai, wani lokaci fiye da ɗari. Kuma gawayin ba shi da amfani sai an san daidai inda aka tsince shi, a ƙarƙashin me, a saman me. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wurin da ya fi ba mu haske a kan wannan yanki shi ne Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani, tsakanin Katsina da Daura. Yau dai a masarautar Katsina yake, amma iyakokin da muka sani ba su ne na shekara 700 da suka wuce ba. Tudun kaburbura ne, aƙalla takwas, waɗanda mutanen wurin ke dangantawa da Durɓawa, sarakunan Katsina na farko. Palmer ya tona wasu a 1907 tare da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ya samu tukwane da kayan ƙarfe, amma kayan sun ɓace. A 1992 wata tawagar Jamusawa ƙarƙashin Dierk Lange na Jami'ar Bayreuth ta tona tudu uku. Su kam sun yi dabara: maimakon su tsittsince kayan ɗaya bayan ɗaya a cikin rana da ƙura, sai suka yanko ƙasar dunƙule guda da abin da ke cikinta, aka ajiye a gidan tarihi na Jos. Sai a 2007 aka fara aikin buɗe dunƙulen a tsanake, da haɗin gwiwar hukumar gidajen tarihi ta Najeriya da wani gidan tarihi a birnin Mainz na Jamus. Shekara goma sha biyar ana jira, amma jiran ya biya.

Kowane tudu mutum ɗaya ne kwance a tsakiyarsa, da kayansa. Akwai zinariya, da awarwaron hauren giwa, da duwatsun ado na gilashi da na jan dutse, da wuri, har da ragowar tufa da fata da itace, abubuwan da galibi ƙasa ke cinyewa. Gwajin kabon ya kai ɗaya daga cikin kaburburan farkon ƙarni na 14, wani kuma an gane zamaninsa ne daga wata tasar ƙarfe ƙirar Gabas ta Tsakiya, ta wajen ƙarshen ƙarni na 15 ko farkon na 16.

Tsaya ka yi tunanin wurin nan kaɗai. Wuri ba a kogi ake samunsa ba, daga tekun Indiya yake fitowa, mafi yawa daga tsibiran Maldib. Kafin ƙwaya ɗaya ta iso ƙasar Mani sai ta hau jirgin ruwa, ta hau raƙumi, ta ratsa hannun fatake da yawa da ba su san juna ba. Kuma farkon ƙarni na 14 shi ne zamanin da Mansa Musa na Mali ya tafi hajji, a 1324. Ashe lokacin da ake labarin zinariyarsa a Alƙahira, a nan kusa da Daura akwai masu mulkin da ke da abin sayen kayan nesa, da mutanen da za su tara musu tudun ƙasa idan sun mutu. Wani abin lura kuma, binne mamaci da adonsa da tasarsa ba tsarin Musulunci ba ne, alhali wasu kayan daga ƙasashen Musulmi suka zo. A ganina wannan ya fi zinariyar muhimmanci. Yana nuna cewa haja ta riga sauyin al'ada isowa fada, an kuma daɗe ana tafiya da tsohuwar hanya da sabuwa tare.

Ta arewa ma akwai shaida. A Kufan Kanawa, cikin jihar Damagaram ta Nijar, Anne Haour ta tona wani kufai mai ganuwa wanda mutanen yankin ke cewa daga nan Kanawa suka taso, gwaji kuma ya sa zamansa tsakanin wajen 1300 da 1650. Daura na tsakiyar waɗannan wurare uku: Dala a kudu, Durɓi a yamma, Kufan Kanawa a arewa.

Saboda haka idan kana son shekarun Daura, ba a cikin takobi ko a bakin rijiya za a karanto su ba. Rijiyar da ake yashewa ana gyarawa shekara da shekaru ba ta riƙe tarihinta a jere. Inda amsar take shi ne wurare marasa kwarjini: tsohon juji, inda toka da ƙashi da tsingaro suka kwanta hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama, wuraren da ake ganin kashin tama baƙi a gona, da gindin tsohuwar ganuwa a kufai irin Tsohon Birni. Gawayin da aka samu a ƙarƙashin ganuwa ya riga ganuwar, don haka shi zai ce maka ba a gina ta kafin shekara kaza ba.

Matsalar ita ce irin waɗannan wurare ƙarewa suke yi. Garma na bi ta kansu kowace damina, masu yin bulo na ɗibar ƙasar ganuwa domin ta riga ta kwaɓu, ga kuma masu haƙa da dare don sayarwa. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa gumakan yumɓu na Nok da na yankunan Katsina da Sakkwato cikin jerin kayan tarihin Afirka da aka fi sacewa. Da yawansu suna hannun masu tara kaya a Turai, an san kyansu amma ba a san ramin da suka fito ba, balle abin da ke kwance kusa da su. Dokar Najeriya ta 1979 ta hana tonon kayan tarihi ko fitar da su waje ba tare da izinin hukuma ba, sai dai doka ba ta kwana a gona.

Idan kana haƙa tushen gini ko masai ka ci karo da tukunya a kife, ko ƙasusuwa da duwatsun ado, kar ka ciro, kar ka wanke, kar ka zubar da baƙar ƙasar da ke kewaye da su, domin ita ce za a kai ɗakin gwaji. Ɗauki hoto da wayarka yadda abin yake a kwance, ka rufe shi, ka sanar da mai unguwa ko hakimi, su kuma su kai maganar gidan tarihi na ƙasa da ke Katsina.