Kuromatogirafi

kuromatogirafi (suna, namiji, asalinsa Girkanci: launi da rubutu). Dabarar rarrabe sinadaran da suka cakuɗe. Masanin tsirrai ɗan Rasha, Mikhail Tsvet, ya raɗa sunan a 1906. Mai arha shi ne na faranti: a shafa wa gilashi garin silika sama-sama, a ɗiga tataccen ruwan wake ko tumatir da ake zargi da guba kusa da gindinsa, a tsoma gindin cikin ruwan narkarwa. Ruwan ya dinga hawa kamar kananzir a lagwani, kowane sinadari ya tsaya inda tafiyarsa ta ƙare, ya bar tabo. Sai a gwada tabon da na sanannen maganin ƙwari, misali dikulobos na fiya-fiya. Gano guba da shi da sauƙi; auna yawanta ne aiki.